Katakon da ke tsakaninmu da ruwa: Ina madaci da kawo suka tafi?

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogin Kwara tsakanin Malanbil da Gaya bayan rufe gada, ya san yaron nan da ke zama a tsakiyar jirgi da guntuwar jarka a hannu. Shi ba fasinja ba ne, ba kuma matuƙi ba. Aikinsa ɗaya ne tun daga wannan gaɓa har zuwa waccan, wato kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai yana mayar da shi kogi.

A ƙarshen daminar 2023 muka yi irin wannan tsallakawa, kogi ya cika ya batse. A cikin jirgin akwai buhunan masara da babura biyu da mata masu goyo, sai mu da muka takure a gefe guda. Da muka ga yaron bai huta ba ko na minti ɗaya, sai muka sa farce muka danna katakon da muke jingine da shi, daidai inda ruwan cikin jirgin yake taɓawa. Farcen ya shige kamar an soka shi a dafaffiyar doya. Ba mu ce wa kowa uffan ba, sai salati a zuci har muka taka ƙasa. Amma tun daga ranar muka ƙudura cewa sai mun bi diddigin wannan katako.

Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka tare gadar da ta haɗa ƙasashen biyu. A watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe, aka kuma shiga 2025 a haka. Wannan ne ya sa kayan da aka loda a Kwatano ko a kasuwar Arzeke ta Paraku, bayan sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan kwalta, sai a sauke su a bakin ruwa a ɗora a kwalekwale. Ɗan kasuwar da ya san lafiyar tayoyin motar da ya ɗauka haya, ya san direban, ya san ubangidan direban, sai ga shi yana miƙa jarinsa da ransa ga wani falanki da bai san daga wace bishiya aka yanko shi ba.

Abin ba na wasa ba ne. A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum sama da 150, yawancinsu masu zuwa cin kasuwa, ya dare a kan wannan kogi kusa da Warra a jihar Kebbi ta Najeriya, kuma kaɗan ne suka fita da rai. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin. Lodi kowa yana ganinsa da ido. Tsufan katako kuwa a ɓoye yake, sai wanda ya san inda zai duba.

To me ya haɗa mu mutanen Paraku da Jugu da wannan magana, alhali tsakaninmu da Kwara akwai tafiyar sama da kilomita 300? Abin da ya haɗa mu shi ne daji. Manyan gandayen dajin nan na Weme ta Sama da Wari-Maro da duwatsun Kufe da Fenesulu ta wajen Basila, duk a ƙofar gidanmu suke. Daga wannan yanki ne aka daɗe ana fitar da madaci da kawo da madobiya, ana kai su kudu da arewa. Kakanninmu fatake da suka riƙa bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja sayen goro, sai da suka tsallaka Kwara a jirgin icce kafin su iso nan. Ashe dangantakar Bahaushe ɗan kasuwa da katakon ruwa ba yau ta fara ba.

Ba ruwa ne ke cin icce ba

Abu na farko da ya ba mu mamaki a binciken da muka yi shi ne, ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da icce. Abin da ke ruɓar da shi wasu ƙwayoyin funfuna ne, kuma su ba sa rayuwa sai sun sami laima da iska a tare. Iccen da ya nutse gaba ɗaya a ruwan daɗi ko a cikin taɓo, inda iska ba ta kai wa gare shi, yana iya yin ɗaruruwan shekaru. Wanda yake a bushe ƙarƙashin rufi shi ma yana daɗewa, in dai gara ta ƙyale shi. Wanda ke shan wuya shi ne na tsakiya, yau ya jiƙe gobe ya bushe.

Shaida tana kusa da mu. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, gwaji kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta binne shi ce ta adana shi. Haka nan a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, fadar sarki da aka gina tun ƙarni na 17 tana tsaye ne a kan turakun icce 13,659 da aka kafa cikin taɓo, kuma ba wani icce mai tauri ba ne. Muddin suna ƙarƙashin ruwa, lafiyarsu ƙalau.

Saboda haka duk mai son sanin lafiyar jirgi ko gadar katako ko turken da aka kafa a rafi, kada ya ɓata lokaci yana kallon fentin sama. Ya duba layin da ruwa ke kaiwa ya koma. Ya duba ƙarƙashin katakan da ake takawa, inda ruwan kwasa ke kwana. Ya duba gindin ƙusa, domin tsatsar ƙarfe da ruwan icce idan suka haɗu sukan baƙanta wurin su rarake shi, ƙusa ta zauna a rami ba ta riƙe komai.

Wannan duk maganar ruwan daɗi ce. Ruwan gishiri kuwa yana da nasa bala'in. Akwai wata halitta mai kama da tsutsa, ko da yake masana sun ce dangin katantanwar ruwa ce, wadda ke shiga icce tun tana ƙanƙanuwa ta ramin da ido ba ya gani, ta yi ta rarake ciki har ya koma kamar saƙar zuma, alhali daga waje sumul yake. A wajen 1731 wannan tsutsa ta cinye turakun iccen da mutanen Holan suka tare teku da su, ƙasar da wani babban sashenta yake ƙasa da teku. Tsoro ya kama su har aka riƙa kiran taron addu'a, daga ƙarshe ala tilas suka koma jibge duwatsu da kuɗi masu yawan gaske. Mu ma a nan Benin an ɗanɗana. Bayan da aka yi aikin tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, bakin mashigin da ya haɗa tafkin Nokuwe da teku ya zauna a buɗe, gishiri ya ƙaru a tafkin, tsutsar ta shigo ta riƙa cinye rassan da masunta ke kafawa don tara kifi. Wanda ya je Ganbiye, garin nan da aka gina bisa turaku a tsakiyar ruwa, zai ga masu hali da dama sun koma zuba ginshiƙin siminti.

Ɗan'uwan namijin kaɗe

Neman maganin irin wannan ɓarna ne ya kawo Turawa dazuzzukan ƙasashe masu zafi. A Guyana ta Kudancin Amurka suka sami wani icce da suke kira girinhat, suka yi ta kai shi Ingila ana aikin tashoshin jiragen ruwa da shi. A Afirka kuma suka sami wanda Faransawa ke kira azobe, Yarbawa na ce masa eki, a Kamaru kuma bongosi. Har gobe a Holan da Jamus da shi ake yin ƙofofin madatsun ruwa da daɓen gadoji da shingen bakin kogi. Nauyinsa ya wuce misali, domin mita ɗaya ta kowace fuska takan haura tan guda ko da ya bushe, don haka idan aka jefa shi a ruwa nutsewa yake yi kamar dutse. Ba a buga masa ƙusa sai an fara huda shi, kuma yana dakusar da zarto nan da nan.

Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, wannan azobe ɗan'uwan namijin kaɗe ne na jini, bishiyar nan mai dogayen ganye da ke cike da dajin Jugu da Basila, wadda mata ke matsar mai daga 'ya'yanta. Bambancin kawai shi ne azobe ya tashi a dajin kurmi na Kamaru da Gabon da kudancin Najeriya inda ruwan sama ke da yawa, ya miƙe sambal har mita 40 ko fiye. Namu kuwa gobarar daji da rani sun hana shi tsawo, ya tashi a karkace, ba a samun dogon falanki a jikinsa. Shi kansa azoben yanzu yana cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu.

To sai dai kada wani ya ji wannan ya ce bari ya nemo azobe a ƙera masa jirgi. Kowane icce da aikinsa. Wanda ke nutsewa ya dace da turke da gada, bai dace da abin da ake so ya taso sama ba. Manyan jiragen masuntan teku da ake gani a bakin ruwan Kwatano, yawanci daga Gana ake sassaƙo su da wawa, wanda mu nan muke kira samba, farin icce marar nauyi da ba ya jure ruɓa. Su sun san haka, shi ya sa suke barin jikinsa da kauri, suna kuma janyo shi tudu. Matsalar tana farawa ne idan aka yanka irin wannan farin katako siriri, aka haɗa jirgin kogi da shi, aka shafe da kwalta da fenti, aka bar shi yana kwana a ruwa shekara da shekaru.

A wajen masassaƙanmu na da, madaci shi ne sarkin katakon jirgi. Tun daga Mali har zuwa Yawuri an san shi da wannan aiki, saboda yana da tsawo da faɗi, yana da ƙarfi, kuma bai kai nauyin da zai hana jirgi ɗaukar kaya ba. Kawo ya fi shi jure ruɓa da gara, ga shi ba ya kumbura ko motsewa sosai idan ya jiƙe ya bushe, abin da ke hana haɗin katakai buɗewa. Loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, shi ma haka. Ƙirya kuwa sai dai a tambayi maƙera da masu sassaƙa turmi, turkenta yakan riga wanda ya kafa shi tsufa. Sai giginya, musamman namijinta. Ɓawon jikinta na waje daga ƙasa, wanda ake tsaga azara da shi, gara ba ta iya masa, yana kuma jure ruwa har na gishiri, shi ya sa ake turakun gada da shi a wurare da dama. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin darajarta, ga kurmin giginyar Dallol Mauri a bayan gidansu.

Ina suka tafi?

Wanda ya yi shekara 40 a duniya kamar mu, ya tuna lokacin da hanyar Paraku zuwa Jugu, musamman daga gadar Beteru a kan kogin Weme, take ratsa daji mai duhu. Yau sai gonakin doya da kashu da buhunan gawayi a jere bakin titi. Noma ya ci nasa, gawayi ya ci nasa, Fulani ma da rani sukan sassabe rassan kawo da madaci da madobiya su ba shanu, masu magani kuma sun ɗaye ɓawon madacin da Turawan mulki suka shuka a bakin hanyoyi har wasu sun bushe a tsaye.

Amma babbar guguwar ta zo ne daga wajen 2010, lokacin da kasuwar ƙasar Sin ta buɗe baki tana neman madobiya, wadda a nan aka fi sani da koso, don ƙera kujeru da gadaje na alfarma masu jan launi. Kowa a nan shaida ne. Samari suka bar gona suka ɗauki injin zarto, manyan motoci suka riƙa fita da gumagumai masu kusurwa huɗu dare da rana zuwa Kwatano, kuɗi suka shigo ƙauyuka, aka sayi babura aka yi aure. Ba za mu ce ba a amfana ba, domin mun san gidajen da aka rufa da kwano da wannan kuɗi. Sai dai mai zarton da ya shiga daji neman madobiya, in ya tarar da tsohon kawo ba ya wuce shi. Dokar gandun daji ta ƙasa, mai lamba 93-009 ta ranar 2 ga Yulin 1993, tana nan a rubuce duk tsawon wannan lokaci.

A 2016 gwamnati ta dakatar da fitar da katako waje na wani lokaci. A shekarar ce kuma taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ya sa madobiya a jerin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini ta musamman. A 2022 aka ƙara tsaurara matakin a kanta, sa'an nan a taron da aka yi a Panama cikin Nuwamban wannan shekara aka ƙara da kawo da madaci na Afirka baki ɗaya, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2023. Wannan batu ya shafi masu karatunmu kai tsaye. Ɗan kasuwar da ya loda falankin kawo ko madaci zai fita da shi ta Cikanda ko Malanbil ko ta wajen Kasuwar Allah a iyakar Togo, ya sani cewa rasiɗin mai injin yanka ba ya wadatarwa. Ya fara zuwa ofishin jami'an ruwa da gandun daji ya tambayi takardun da ake bukata kafin ya biya kuɗin mota, don kada kaya su kwana a hannun duwan.

Sakamakon duk wannan shi ne abin da ake gani yau a rumfunan 'yan katako. Sunan bai canja ba, ana nan ana ce maka wannan kawo ne, wannan madaci ne, kuma sau da yawa ba ƙarya aka yi ba. Abin da ya canja shi ne shekarun bishiyar. Duk iccen da aka yanka a gicciye, za a ga jan ciki a tsakiya da farin da ya kewaye shi ta wajen ɓawo. Jan cikin nan ne kaɗai ke ɗauke da sinadaran da ke korar ƙwari da ruɓa, kuma sai bishiya ta manyanta yake faɗaɗa. Farin gefen kuwa, ko na kawo ne ko na azobe, abincin ƙwari ne. Da can masassaƙi yakan fafe farin ya zubar. Yanzu da ake sare ƙananan itatuwa, in aka zubar da fari babu abin da zai saura, don haka sai a yanka falanki rabinsa ja rabinsa fari, wani ma a shafa masa jar ƙasa ko baƙin mai ya saje. Araha dai ba ta ado.

Haka zancen yake game da tek, wanda aka fara shukawa a ƙasar nan tun zamanin Turawa, ga shi nan ma a gandun da ke cikin garin Paraku. A duniya an san tek da aikin jirgin ruwa saboda man da ke jikinsa, amma ana nufin tek ɗin da ya shekara 40 ko 50. Sandunan da manomanmu ke sarewa bayan 'yan shekaru kaɗan don rumfa da tallafin dakin siminti, kusan duk fari ne. Malaina kuwa a bar ta a silin da akwati.

Mu a ganinmu, ba a kan matuƙin jirgi kaɗai laifin yake ba. Shi ma abin da ya samu a kasuwa ya saya, kuma tun da aka rufe gada bukatar jirage ta ninka, aka riƙa haɗa su cikin gaggawa da ɗanyen katakon da bai gama bushewa ba, wanda da zarar ya sha rana sai ya motse, haɗin ya buɗe. Amma ɗan kasuwa yana da ƙarfin da bai san yana da shi ba, domin shi ke biyan kuɗin fito. In manyan 'yan kasuwa goma suka ƙi ɗora kayansu a jirgin da ƙusa ke shiga jikinsa da hannu, sarkin jirgi zai ji a aljihunsa kafin kowace hukuma ta yi magana. Gwajin ba shi da wuya. A ɗauki ƙusa ko bakin wuƙa a danna a layin ruwa ta ciki da kuma gindin haƙarƙarin jirgin. Lafiyayyen katako zai ƙi, in an ƙwanƙwasa shi kuma zai yi ƙara tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ya amsa a dushe kamar an bugi kabewa.

Wannan gwaji bai tsaya a bakin Kwara ba. A ƙauyukan da ke tsakanin Jugu da Wake da Basila, da waɗanda ke gaɓar Okpara ta wajen iyakar Najeriya, akwai ƙananan gadojin katako da jama'a suka haɗa da aikin gayya, ta kansu ake fito da doya da kashu da waken suya zuwa kasuwa. Da rani suna tsaye ƙyam, kowa ya manta da su. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa yakan hau su ya sauka sau da yawa, kuma a daidai lokacin ne sabuwar doya ke fitowa, babura da keken ɗaukar kaya su yi ta bi da lodi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke tara kuɗin gyaran irin waɗannan gadoji, su aika da wanda ya san icce ya tsaya a kan sayen, ya ga bakin kowane falanki da idonsa kafin a shafa masa komai. Turaku a nemi ƙirya ko giginya, a bar 'yar tazara tsakanin katakan daɓe yadda ruwa zai tsiyaye, a kuma yi aikin tun cikin Maris ko Afrilu, lokacin da rafi ya ƙafe ana iya ganin gindin tsofaffin turakun.